Noman Katnif, Na'a-na'ar Kyanwa Mai Shekaru a Lambu

Katnif tsiro ne mai ƙamshi daga dangin na'a-na'a da ɗoɗɗoya. Masana tsirrai suna kiran sa Nepeta cataria, sunan da Carl Linnaeus, mutumin Suwidin, ya rubuta masa a 1753, kuma yana cikin wani babban gida na tsirrai kusan 250 da ake kira Nepeta. Asalinsa kudanci da gabashin Turai ne, da Gabas ta Tsakiya, da tsakiyar Asiya har zuwa wasu sassan ƙasar Sin. Turawan da suka yi ƙaura zuwa Arewacin Amurka sun tafi da irinsa don lambunan magani na bayan gida, shi kuwa bai tsaya inda aka ajiye shi ba. Yau yana fitowa da kansa a gefen titi, a gindin shinge da cikin kangaye a Amurka da Kanada, har manoma da yawa a can suna lissafa shi cikin ciyawa.

Abin da ya yi masa suna shi ne yadda yake sa kyanwa birgima idan ta shinshine shi, shi ya sa ake sayar da busasshen ganyensa a shagunan kayan dabbobin gida a ƙasashe da dama. Amfaninsa bai tsaya nan ba. Ana shan shayinsa, ƙudan zuma na son furensa, man da ake tatsowa daga ganyensa kuma yana korar sauro. A wurin mai lambu, darajarsa ita ce ana shuka shi sau ɗaya a yi shekaru ana yanka, muddin an san abin da ke raya gindinsa da abin da ke kashe shi. Yawancin katnif ɗin da ke mutuwa a lambu yawan kulawa ne ke kashe shi, wato ruwa fiye da kima da taki fiye da kima.

Kamanninsa da zagayen rayuwarsa

Tsayinsa yakan kai daga santimita 50 zuwa mita 1. Karansa mai kusurwa huɗu ne irin na sauran danginsa, wanda ya murza shi tsakanin yatsu zai ji gefunan. Ganyaye suna fitowa biyu-biyu suna fuskantar juna, masu faɗi daga gindi da tsini a baki, gefensu da haƙora-haƙora. Launinsu kore ne da ya ja zuwa toka-toka, saboda wani lallausan gashi da ya lulluɓe su, musamman ta ƙasa. A fatar ganyen akwai ƙananan jakunkuna masu ɗauke da mai, waɗanda ido ba ya gani. Sai an murje ganyen ko an ƙuje shi suke fashewa, ƙamshin ya tashi. Furanninsa ƙanana ne, farare da ɗigo-ɗigon shunayya, suna taruwa a kan reshe, kowane fure kuma yana barin ƙwayar iri huɗu.

A ƙasashen da ake tsananin sanyi, rayuwarsa zagaye take yi. Wajen Afrilu, idan ƙasa ta fara ɗumi, toho yakan ɓullo daga gindi. Ya yi ta girma cikin Mayu da Yuni, ya shiga fure daga tsakiyar shekara har Satumba. Da ƙanƙara ta fara sauka, duk abin da ke saman ƙasa sai ya bushe, mai kallo ya ɗauka ya mutu. Saiwar kuwa tana nan da ranta, tana jure sanyin da ya kai digiri 30 ƙasa da sifili, ta sake tohowa baɗi.

Duk da haka ba ya cikin tsirrai masu dogon rai. Bayan shekara uku ko huɗu gindin yakan tsufa, tsakiyarsa ta yi itace ta daina toho, sai gefe-gefe kaɗai ke fitar da ganye. Lambun da aka ce katnif ya yi shekara goma a cikinsa, galibi 'ya'ya da jikokin na farko ne ke nan, waɗanda suka fito daga irin da ya zube. A nan ya bambanta da na'a-na'a, wadda ke miƙa dogayen jijiyoyi ta ƙarƙashin ƙasa har ta mamaye fangali. Katnif dunƙule yake zama wuri guda, da iri yake yaɗuwa, kuma yana zubar da shi da yawa.

Mai sayen iri ko dashe ya kamata ya duba sunan da kyau, domin akwai 'yan uwansa da ake sayarwa don ado. Mafi shahara shi ne Nepeta × faassenii, mai shuɗin fure, wanda aka samu ta haɗa nau'i biyu kuma ba ya yin iri. Wani daga cikin na adon, mai suna Walker's Low, shi ne ƙungiyar masu noman tsirrai masu daɗewa ta Amurka ta zaɓa gwarzon shekarar 2007. Sun fi katnif kyan gani nesa ba kusa ba, amma ba su kai shi jan kyanwa ba, ba kuma su ake sha a shayi ba. Akwai kuma wani nau'in katnif na ainihi da ake kira Citriodora, mai ƙamshin lemun tsami, wanda masu shayi suka fi so.

Ƙasa, rana da ruwa

Katnif ɗan tudu ne. Ƙasar da ta fi karɓar sa ita ce mai yashi-yashi ko tsakuwa, wadda ruwa ke ratsawa ya wuce da wuri. Ba ya tsirfa kan tsamin ƙasa, yana yi daga ma'aunin pH 6 har kusan 8. Abin da ba ya yafewa shi ne kwanciyar ruwa a gindinsa. A ƙasar laka da ke riƙe ruwa kwana da kwanaki, saiwar takan ruɓe, ganye ya yi rawaya ya yanƙwane, mai lambu ya ɗauka ƙishi ne ya ƙara masa ruwa, ya ƙarasa shi. A Turai da Amurka ma, jiƙaƙƙiyar ƙasa a lokacin hunturu ta fi sanyin kansa kashe katnif. Inda ƙasa take da nauyi, mafita ita ce a tayar da kunya ko fangali mai tudu, a cakuɗa da yashi mai kauri da ruɓaɓɓen taki kaɗan.

Yana son rana ta aƙalla awa 6 a yini. A inuwa yakan yi tsawo ya yi siriri, ya kwanta, ƙamshinsa ya ragu. Inda zafi yake da tsanani kuwa, ranar safe da inuwar azahar zuwa la'asar ta fi masa.

Taki kaɗan ya ishe shi. Takin zamani mai yawan naitirojin, irin yuriya, yana sa shi ya yi ganye manya masu taushi da ban sha'awa, amma mai ya yi ƙaranci a cikinsu, karan ya yi rauni, kwari su samu abin tsotsa. Tun da don ƙamshin ake noma shi, wannan asara ce da ta yi kama da riba. Tafin hannu biyu na ruɓaɓɓen takin gargajiya a gindin kowane tsiro sau ɗaya a shekara ya wadatar.

Ban ruwa kashi biyu ne. Cikin makonnin farko bayan dashe, ƙasa na bukatar ta zauna da danshi har saiwa ta kama. Bayan nan sai a bari saman ƙasa ya bushe kafin a sake ba shi. Mai lambu ya soka yatsa gaɓa biyu a ƙasa, in ya ji laima ya dakata. Ruwan a gindi ake zuba shi da safe, ba a kan ganye ba, don ganyen da ya kwana a jiƙe shi fumfuna ke kamawa.

Hanyoyi uku na samun sabon tsiro

Shuka iri ita ce hanya mafi arha, ita ce kuma mai bukatar haƙuri. Ƙwayar ba ta kai riɗi girma ba, ɓawonta da tauri, kuma ta saba kwana a ƙasa mai sanyi kafin ta farka. Saboda haka masu lambu suke kwaikwayon hunturu: a sa irin a firiza ya kwana, a fito da shi a jiƙa a ruwa na awa 24, sannan a shuka. Wasu kan naɗe shi a tsumma mai danshi su ajiye a firji na mako biyu ko uku. Irin da ba a yi masa haka ba yana fitowa, sai dai ɗaya-ɗaya kuma a makare.

Ba a binne shi da zurfi, domin haske na taimaka masa wajen tsirowa. Ana yayyafa shi a saman ƙasa mai laushi, a danna da tafin hannu, a barbaɗa yashi ɗan kaɗan. Idan ɗumin ƙasa yana wajen digiri 20 zuwa 22, tsiro yakan fito cikin mako ɗaya zuwa uku. A ƙasashen sanyi ana fara reno a cikin ɗaki kamar mako 6 kafin ƙanƙarar ƙarshe, a fitar da dashen waje idan haɗarinta ya wuce. Ana dasawa da tazarar santimita 45 zuwa 60. Wannan tazarar takan yi wa sabon mai lambu kama da ɓarnar wuri, ganin ƙanƙantar dashen, amma kafin wata uku rassan sun haɗu, kuma iskar da ke ratsa tsakaninsu ita ce rigakafin cutar ganye.

Hanya ta biyu ita ce yankan reshe. Ana zaɓar reshe mai lafiya wanda bai yi fure ba, a yanko santimita 10 zuwa 15 daga ƙasan gaɓa, a cire ganyen ƙasa, a soka a yashi mai danshi ko a kofin ruwa a inuwa. Cikin mako biyu zuwa uku yakan fitar da saiwa. Fa'idar wannan hanya ita ce sabon tsiron yana ɗauko halin uwarsa daidai. Ƙarfin ƙamshi ya bambanta ƙwarai tsakanin tsirran da suka fito daga iri, saboda haka wanda ya dace da gindi mai ƙarfi, da reshe ya kamata ya yawaita shi.

Ta uku ita ce raba gindi, kuma ita ce sirrin daɗewar katnif a wuri ɗaya. Duk bayan shekara uku ko makamancin haka, a farkon toho, ana haƙo dunƙulen gaba ɗaya, a tsaga shi da wuƙa ko shebur gida uku ko huɗu, kowanne da saiwarsa da idon tohonsa. Tsakiyar da ta yi itace a yar da ita, a sake dasa na gefen. Da haka tsohon tsiro ke komawa saurayi.

Kyanwa da mai lambu

Sinadarin da ke jan kyanwa shi ne nefetalakton, wanda shi ne mafi yawa a cikin man ganyen. Samuel McElvain da abokan aikinsa a Jami'ar Wisconsin ne suka ware shi a 1941. Ta hanci yake aiki. Kyanwa takan shinshina, ta lasa, ta tauna, ta goga kumatu da haɓa, ta kwanta tana birgima, wata har da dalalar miyau. Abin yakan ɗauki minti 5 zuwa 15, sannan ta tashi ta yi tafiyarta, kuma ba ya sake kama ta sai bayan rabin awa zuwa awa biyu.

Ba kowace kyanwa ke ji ba. Neil Todd ya nuna a 1962 cewa abin gado ne, kuma wani bincike da aka wallafa a 2017, wanda aka yi kan kyanwoyi 100, ya samu cewa kusan ɗaya cikin uku ba ta kula da katnif. 'Ya'yan kyanwa da ba su wuce wata uku ba su ma ba ruwansu da shi. Zaki da damisa kuwa an gan su a gidajen namun daji suna birgima a kansa yadda magen gida ke yi.

An daɗe ana mamakin dalilin wannan ɗabi'a. A 2021 masu bincike a Jami'ar Iwate ta Japan, ƙarƙashin Masao Miyazaki, sun yi aiki da wani tsiron ƙasarsu da ake kira matatabi, wanda sinadarinsa ɗan uwan na katnif ne na kusa. Sun gano cewa shinshinar tana ƙara sinadarin jin daɗi na endofin a jinin kyanwa, kuma da aka ba kyanwoyin maganin da ke toshe hanyar wannan sinadari, sai suka daina birgimar. Sun kuma ga cewa sauro ya rage sauka a kan kyanwar da ta shafi sinadarin a gashinta. A 2022 suka ƙara da cewa taunar da kyanwa ke yi wa ganyen tana sa ya saki sinadarin ninkin-ba-ninkin. Wato birgimar da ake ɗauka wasa ne, shafa maganin sauro ce. Katnif ba ya sa kyanwa jaraba, ba kuma guba ba ne gare ta, sai dai in ta ci da yawa takan yi amai ko zawo.

Duk wannan yana da tasiri kai tsaye a fangali. Masu lambun Ingila sun lura tun ƙarnuka da suka wuce cewa kyanwoyi sun fi far wa katnif ɗin da aka dasa, wanda ya fito daga iri a wurinsa kuwa sukan wuce shi. Dalili a fili yake: wajen cirewa da dasawa ganye na ƙujewa, ƙamshi ya tashi, muzurun unguwa su taru. Ƙaramin dashe ba ya jure kwanciyar kyanwa ko sau ɗaya. Saboda haka ana kifa masa kwandon ragar waya har ya yi ƙarfi, a kafe kwandon da turaku don kada a ture shi. Rassan da suka leƙo ta ragar su ne rabon kyanwa, gindi kuwa ya tsira. Wasu kan kakkafa gajerun sandunan gora a kewaye da tsakiyar tsiron, tazarar yatsu uku, yadda ba wurin kwanciya. Wanda ke kiwon tantabaru ko 'yan tsaki, ya nisanta fangalin katnif daga akurki.

Datsa da tsare iri

Idan tsiro ya kai santimita 15 zuwa 20, ana tsinke kansa da farce. Kowane kan da aka tsinke yakan fitar da rassa biyu, tsiron ya yi cunkus maimakon ya miƙe sanda guda. Bayan furen farko ya fara bushewa, ana datse shi gaba ɗaya zuwa rabin tsayinsa ko ƙasa da haka. Cikin 'yan makonni zai sake toho, sau da yawa har ya sake fure.

Wannan datsar ita ce ke hana shi zama ciyawa. Gindi ɗaya da aka bari ya nuna iri zai cika lambu da 'ya'ya baɗi, har da lambun maƙwabta. Wanda ke son maye gurbin tsofaffin gindi ya bar kai biyu ko uku kawai su nuna, ya yanke su idan sun yi ruwan ƙasa, ya kakkaɓe a takarda ya adana. Hattara a nan wajibi ce musamman a ƙasar da tsiron baƙo ne, tun da an ga yadda ya bazu a Amurka, kuma bai dace mai lambu ya saki abin da ba zai iya tsarewa ba. A tukunya kuwa wannan damuwa kaɗan ce. Tukunyar ƙasa mai faɗin santimita 30, da huda a gindi, ta ishi tsiro ɗaya, kuma ta fi ta roba saboda tana shan iska.

Kwari ba su cika damun sa ba. Zomo da barewa ma sukan ƙyale shi saboda warinsa. A busasshen yanayi mai zafi, ko a cikin ɗaki, ƙananan jajayen gizo-gizo da farin ƙuda kan taru a bayan ganye, feshin ruwa mai ƙarfi da safe ko ruwan sabulu mara ƙarfi yakan ishe su. Maganin kwari mai guba bai dace da ganyen da mutum zai sha ko kyanwa za ta tauna ba. Farar fumfuna da ɗigon ganye cututtukan cunkoso ne da laima, maganinsu tazara da cire ganyen da ya kamu.

Girbi da adanawa

Man ganyen yana kai maƙura lokacin da tsiron ke cikin fure, saboda haka a lokacin ake babban yanka. Ana yi da hantsi, bayan raɓa ta bushe, kafin rana ta yi zafi. Ana yanke rassa a bar santimita 10 zuwa 15 a ƙasa don su sake toho. A shekarar farko yanka ɗaya mara tsanani ya isa, don saiwa ta kafu. Daga shekara ta biyu ana iya samun yanka biyu, wani wurin uku.

Shanya a rana kuskure ne, domin zafi da haske suna lalata nefetalakton. Ana ɗaure rassan ƙananan dammai a rataye su kai a ƙasa, a ɗaki mai duhu da iska ke ratsawa, kuma wanda kyanwa ba ta shiga. Cikin mako ɗaya zuwa biyu ganyen zai bushe har ya riƙa karyewa a hannu. Sai a zage ganye da fure daga kara, a zuba a kwalba mai murfi, a ajiye nesa da haske. Ba a murmushe shi sai za a yi amfani da shi, don cikakken ganye ya fi riƙe ƙamshi. Ƙarfinsa yana raguwa cikin watanni, wanda aka sa a firiza ya fi daɗewa.

A Ingila ana shan shayin katnif tun kafin ganyen shayin ƙasar Sin ya iso. Maganin gargajiya na Turai da na mutanen tsaunukan Afalashiya a Amurka ya san shi da kwantar da kumburin ciki, sa gumi ga mai mura, da kawo barci. Ana zuba ƙaramin cokali na busasshen ganye a kofin ruwan zafi, a rufe na minti 5 zuwa 10. Ba a tafasa shi a kan wuta, kada ƙamshin ya bi tururi. Gwajin asibiti a kan mutane bai yi yawan da zai tabbatar da waɗannan fa'idodi ba, saboda haka abin sha ne mai daɗi, bai kai matsayin magani ba. Ana gargaɗin mata masu juna biyu su guje shi, ba a kuma ba jarirai, duk da cewa a da an yi hakan.

Batun sauro

Tsiron bai ƙirƙiri sinadarinsa don kyanwa ba. Thomas Eisner na Jami'ar Cornell ya nuna a 1964 cewa nefetalakton yana korar kwari iri-iri, wato garkuwar tsiron ce daga masu cin ganyensa. A 2001 Chris Peterson da Joel Coats na Jami'ar Jihar Iowa suka ba da rahoton cewa, a gwajin da suka yi cikin bututun gilashi, ya fi DEET ƙarfin korar sauron Aedes aegypti, mai yaɗa zazzaɓin shawara da dengi, kusan sau goma. DEET shi ne sinadarin da ke cikin yawancin man shafawa na korar sauro. Labarin ya zagaya duniya, har yau masu sayar da iri suna maimaita shi. Abin da ba su cika faɗa ba shi ne binciken da ya biyo baya ya nuna cewa a kan fatar mutum bai kai DEET hana cizo ba, kuma yana saurin tashi. A 2021 masana daga Jami'ar Northwestern ta Amurka da Jami'ar Lund ta Suwidin suka gano yadda yake aiki: yana taɓa wata kafar jin zogi a jikin kwari da ake kira TRPA1, sai su guje shi.

Duk da haka aikin bai tsaya ba. Hukumar kare muhalli ta Amurka ta sa man katnif cikin jerin sinadaran korar sauro da ta yi wa rajista. Jami'ar Rutgers ta fitar da nau'in CR9, wanda aka zaɓa don yawan mai da tsayuwa a miƙe yadda inji zai iya yanka. A Burundi da Yuganda an noma katnif an tatsi mansa ta hanyar tururi don haɗa man shafawa na korar sauro. Ga ƙasa irin Nijeriya, wadda alƙaluman Hukumar Lafiya ta Duniya suka nuna tana ɗauke da kusan kashi ɗaya cikin huɗu na masu zazzaɓin cizon sauro a duniya, wannan aiki ne da ya cancanci cibiyoyin binciken noma su waiwaya. Sai dai dole a faɗi iyakarsa ƙarara. Tsiron da ke tsaye a tukunya a bakin ƙofa ba ya hana sauro shiga ɗaki, domin man yana kulle a ganye sai an murje. Ganyen da aka murza aka shafa a hannu kariyarsa ta ɗan lokaci ce, wasu kuma yana sa musu ƙaiƙayi. Bai maye gurbin gidan sauro mai magani ba ko kusa.

A ƙasa mai zafi

Katnif ya saba da sanyi mai tsanani da zafi matsakaici, abin da ya fi wahalar da shi kuwa zafi ne haɗe da laima. A wurare masu tudu irin Jos, mai tsayin kusan mita 1,200, da tsaunin Mambila, inda dankalin Turawa da sauran kayan sanyi ke yi, yanayin ya fi kusa da nasa, sai a kula da magudanar ruwa saboda yawan damina. A Kano, Katsina, Sakkwato ko Maraɗi, lissafin lokacin juyawa yake yi. Lokacin da ya dace da shuka shi ne farkon hunturu, Nuwamba zuwa Disamba, tare da latas da karas da kabeji na masu noman rani, yadda zai yi girma cikin sanyi a yi yankan farko kafin Maris.

Daga nan gaɓa biyu ne masu haɗari. Ta farko bazara, lokacin da zafi ke haura digiri 40 a Afrilu. Tsiron na bukatar inuwa daga azahar, da ciyawa busasshiya a shimfiɗe kewaye da gindi ba tare da ta taɓa kara ba, da ruwa da sassafe. Ta biyu ruwan Agusta, wanda ke iya ruɓar da saiwa cikin 'yan kwanaki a ƙasar da ba ta tsanewa. Saboda waɗannan biyun tukunya ta fi fangali a irin wannan yanayi, tun da ana iya matsar da ita gindin bishiya da bazara, a kai ta ƙarƙashin rumfa idan ruwa ya yi yawa. Kuma tun da babu hutun sanyin da ke sabunta gindi, bai kamata a dogara da tsohon tsiro ba. Mai lambu ya yanki rassa ya kafa sababbi kowace shekara da zarar damina ta ɗauke, ya kuma ajiye ɗan iri a kwalba cikin firji don shukar Nuwamba.